Labarin Makarantun En'e da Malamin Ƙauye

Sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su tarar da ƙasar babu karatu ba. Ko wace unguwa da makarantar allonta, ko wane babban gari kuwa da malaman zaure masu karantar da fiƙihu da nahawu. Abin da babu shi ne boko, watau irin karatun da sabon mulki ke bukata wajen rubuta haraji da lissafin Baitulmali.

Saboda haka a 1909 Gwamnati ta sa Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Ya ware ajin 'ya'yan sarakuna, da wajen koyon sana'a, da kuma ajin malamai. Wannan na ƙarshe shi ne gishirin dabarar, don mutumin da ya riga ya ƙoshi da Arabiyya, in ya koma garinsu da boko, ba a yi masa kallon baƙo ba. Da Hausa aka yi karatun. Bayan 'yan shekaru aka rarraba aikin zuwa makarantun larduna.

A 1921 aka fara Kwalejin Katsina don horon malamai, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta a 1922. Ta yi yaye masu kyau, ba shakka. Amma fa kaɗan ne, kuma a manyan garuruwa suka zauna, musamman bayan da aka mai da makarantun larduna Midil wajen 1930, zamanin da Hussey ke shugabancin ilmin Nijeriya duka. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi, Abubakar Imam a ta Katsina. Wani lokaci ma ita En'e da kanta ke janye su. Ahmadu Raɓa ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931, a 1934 aka naɗa shi hakimin Raɓa. Sarauta ta sami gwani, aji ya rasa malami.

To, ƙauye fa? Can sai Elementare, mai aji huɗu, wadda En'e ke ginawa, ta kuma biya malaminta daga Baitulmali. Don samun irin waɗannan malamai aka kafa wuraren horo a Katsina da Bauchi, da kuma Toro saboda ƙasashen da ba na Musulmi ba. Wanda aka tura ƙauye, sau da yawa shi kaɗai ne, ko su biyu, ga aji fiye da ɗaya a ɗaki guda. Shi ne mai kiran suna, shi ne mai duba ƙazuwa da gyambon yara, shi ne mai kula da lambun makaranta. In damina ta faɗi, benci ya yi fili, don uba ba shi sakin yaro ga noma a gabansa.

Samun yaran ma aiki ne. Umurni ya fito daga fada zuwa ga hakimi, hakimi ya aza wa dagatai, dagaci ya zaga gida gida. Iyaye da yawa suna ganin boko hanyar barin addini ce, har a ɓoye yaro a rumbu ko a aika da shi almajiranci. Waɗansu masu sarauta suka riƙa hana 'ya'yan cikinsu, su ba da na barorinsu. Ba a daɗe ba waɗannan yaran suka dawo suna riƙe da alƙalamin ofis, masu gidan suka ga abin da suka yi wa kansu. Amma inda hakimi ya fara kai nasa ɗan, ya kuma riƙa leƙa makaranta in ya fita rangadi, talakawa kan bi. Inda ya ɗauke ta kayan Bature, sai ta zama kango, ko da malamin gwani ne.

Littattafai sun samu daga ofishin fassara na Zariya, inda Dokta East ya yi aiki da Malam Abubakar Imam. Daga nan Magana Jari Ce ta fito, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda akan taru a ƙofar gidan malamin ƙauye a ji ya karanta ta. Game da albashi da daraja kuwa, malamai sun daɗe suna gunaguni, har a 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa.

A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, wanda ya naɗe tabarmar abin da ya rage na mulkin En'e. A cikin shekarar kuma aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi tururuwa fiye da yadda aka zata. Malamai suka kasa, har aka riƙa ba mutane gajeren horo a tura su aji, waɗansu ma suka yi ta karantarwa a gindin bishiya kafin a gama gini.