Hunturu da Dabbobin Gida: Haɗarin Ƙarshen Shekara

Hunturu busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. A Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Kusada, da maƙwabciyarta Kankiya, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15 a Disamba da Janairu. Lokacin ya dace da hutun ƙarshen shekara da bukukuwan aure na bayan kaka, sa'adda ma'aikata da 'yan kasuwa ke komawa gida daga Katsina da Kano. Sanyin kansa ba kasafai yake kashe babbar dabba mai lafiya ba. Mafi yawan asarar hannun mutum ne ke jawo ta.

Babbar barazana ga kaji da tattabaru ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta a 1927. A Arewa ta fi ƙamari da hunturu. Alamominta sun haɗa da koren zawo, wahalar numfashi da karkacewar wuya. Ƙwayar cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana, saboda haka zakaran da aka sayo a kasuwa domin biki zai iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da ita. Sau da yawa ta wannan hanyar ce akurki guda ke ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Duk tsuntsun da ya shigo gida, ko da tsaraba ce, a ware shi aƙalla mako biyu. Cutar ba ta da magani, sai rigakafi, wanda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ke samarwa. A nemi jami'in dabbobi na ƙaramar hukuma tun kafin sanyi ya kankama.

Wajen ɗumama ɗaki ma akan yi kuskure. Kaskon gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba marar wari, ga kuma gobara a gidan da ke cike da kara da harawa. Buhu a ɓangaren da iska ke bugowa da busasshiyar shimfiɗa sun wadatar, musamman ga 'yan tsaki da 'ya'yan zomo.

Kyanwa kuwa, haɗarinta yana rumbu. Bayan an shigar da hatsi akan baza maganin ɓera, ita kuma ta cinye ɓeran da ya ci gubar. Idan ta kamu da mura, kada a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ragowar abincin biki mai yawan albasa yana lalata jinin kare da kyanwa, dafaffen ƙashin kaza kuma kan tsage ya soki hanji.

Rani lokacin farauta ne, karnuka na cuɗanya da baƙin karnuka da namun daji. Ana yi wa kare allurar rigakafin hauka daga wata uku da haihuwa, a maimaita duk shekara. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar.