Likitan Haƙorin da Ya Hana Ruwan Inabi Zama Giya

Tarihinmu na wannan mako zai kai mu Amurka, daga can mu dawo gida bakin dam ɗin Bakolori.

Duk wanda ya matse inabi ya ajiye ruwan, cikin 'yan kwanaki zai tsima ya koma giya, saboda yisti da ke jikin ɓawon yana cin sukarin. Haka duniya ta saba tun zamanin da. Thomas Bramwell Welch, likitan haƙori da aka haifa a Ingila a 1825 ya girma a Amurka, shi ne ya ƙi yarda da hakan. Kirista ne ɗan ɗariƙar Methodist mai tsananin ƙin barasa, kuma yana jin takaicin yadda ake shan giya a wajen ibada a coci.

A 1869, a garin Vineland na jihar New Jersey, ya ɗauki dabarar masanin Faransa Louis Pasteur. Ya matse inabin Concord, ya tace, ya zuba a kwalabe ya toshe, ya dafa su a ruwan zafi har yistin ya mutu. Ruwan ya zauna da zaƙinsa bai tsima ba. Ya sa masa suna giyar da ba ta tsima ba, ya kai wa coci-coci. Yawancinsu suka juya masa baya, har ya gaji ya koma cire haƙori.

Ɗansa Charles, shi ma likitan haƙori, bai saki sana'ar ba. A baje kolin duniya na Chicago a 1893 ya bai wa dubban mutane suka ɗanɗana, sunan Welch ya bazu. A 1897 ya kafa masana'anta a Westfield ta jihar New York, a tsakiyar gonakin inabi. A 1913 sakataren harkokin wajen Amurka, William Jennings Bryan, ya ba jakadu wannan ruwan a wata liyafa maimakon giya. Jaridu suka yi ta masa ba'a, ba'ar kuwa ta zama talla kyauta. A 1956 ƙungiyar manoman inabi ta saye kamfanin, har yau kuma manoma ne suke da shi.

Abin da ya burge ni shi ne, mutumin nan bai ƙirƙiro inabi ba, bai ƙirƙiro dabarar dafawa ba. Ya dai haɗa aƙidarsa da ilimin zamaninsa, ya samo hanyar adana amfanin gona.

Mu duba namu. Tun da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, manoman Talata Mafara, Bakura da Maradun ke noman rani. Duk ɗan Garbadu ya san yadda tumatir ke faɗuwa warwas a kasuwa lokacin da ya yi yawa, wani ya ruɓe a kwando, wani a shanya shi a ƙasa. Zoɓo da tsamiya ma muna da su, amma wanda aka dama yau ba ya kai jibi in babu firji.

Akwai masu gwaji irin na Welch a ƙauyukanmu, waɗanda ake yi wa dariya yanzu. Ku neme su, ku tambaye su shekara da wuri da yadda suka fara, ku rubuta kafin labarin ya ɓace. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.