Giyar Sitiyari da Zamanin A-Kori-Kura

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa tsakanin shekarar 1970 da 1990 ba ya bukatar a kwatanta masa a-kori-kura. Ita ce ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kafa wa ƙarafa a lulluɓe da tamfol, a gan ta da la'asar ta taso daga kasuwar Jibiya ko Mai'aduwa ko Wudil, bayanta ya kusa taɓa ƙasa saboda buhunan gero da awaki da mutane. Galibinsu ƙirar kamfanin Peugeot ne na ƙasar Faransa, wanda Hausawa suka sauƙaƙa wa kansu suna kira Fijo, musamman samfurin nan mai lamba 404. A gidan gaba kuwa akan ga mutum biyu, wani lokaci ma uku, sun matsu kusa da direba, amma ba wanda ya hana shi canja giya, domin kuwa sandar giyar tana jikin sitiyari, dab da yatsunsa, ƙasan motar kuma fili ne daga ƙofa zuwa ƙofa. Wannan sanda ta kusa ɓacewa daga duniya yanzu, kuma gyaranta ya zama sana'ar tsofaffin makanikai ƙalilan.

Asalin dabarar daga Amurka ne. A galibin motocin da suka gabace ta sandar giya daga ƙasa take fitowa, a tsakiyar mota, kai tsaye daga akwatin giya. A shekarar 1938 sai kamfanonin Pontiac da Cadillac suka fito da motoci waɗanda aka mayar da sandarsu jikin sitiyari, kafin shekara biyu ko uku kuwa kusan dukan manyan kamfanonin ƙasar sun bi sahu. Dalilinsu a fili yake. Kujerar gaba a wancan zamani dogon benci ce, idan an kawar da sanda daga tsakiya sai mutum uku su zauna a sake, mace mai doguwar riga kuma ta shiga ta kowace ƙofa ba tare da ta sarƙe ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai salon ya ƙetaro Turai. A gabashin Landan, masana'antar Ford ta Dagenham ta soma ƙera Consul da Zephyr a farkon shekarun 1950, dukansu da giya uku a jikin sitiyari. A Faransa kuma Peugeot ta sa ta a samfurin 203 na 1948, da 403 na 1955, sa'an nan da 404 wadda ta fito a 1960.

Faransawa sun ɗora wa kansu aikin da ya fi na Amurkawa wuya, gama su giya huɗu suka sa ban da ribas. A Fijo ta farko-farko, giya ta ɗaya da ribas layinsu ɗaya, ta biyu da ta uku layinsu ɗaya, ta huɗu kuma tana can ita kaɗai. Direban da ya saba da wata mota, ranar da ya fara kama irin wannan sai ya yi ta lalube kamar baƙo a ɗakin duhu. Wajen 1967 ne kamfanin ya sake akwatin giyar 404, ya daidaita tsarin da na sauran motocin Turai. A shekarar ce kuma aka fito da 404 mai buɗaɗɗen baya.

Kafin ta iso, sunan 404 ya riga ya kafu a Afirka. Ita ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Afirka ta Gabas a 1963, ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin da ke karya motocin da suka fi ta tsada. A Nijeriya kamfanin SCOA ne ke sayar da ita, har ya riƙa harhaɗa a-kori-kura a Ikko. Sa'an nan gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ganin kuɗin man fetur sun shigo, ta ƙulla yarjejeniya da Peugeot, aka kafa kamfanin haɗin gwiwa a ƙarshen 1972, aka buɗe masana'antarsa a Kakuri ta Kaduna a watan Maris na 1975. Wani abin mamaki game da wannan masana'anta shi ne hanyar da kayanta ke isowa. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe, jirage ɗauke da siminti suna kwana da wata a kan teku suna jiran layi. Saboda haka sai aka riƙa ɗauko sassan motocin a jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, daga nan manyan motoci su kai su Kaduna. Watau ƙananan sanduna da notuna na giyar sitiyari sun ƙetare Sahara ta sama kafin su fara cin ƙurar hanyar Funtuwa.

A Jamhuriyar Nijar kuwa wata hanyar suka biyo. Cikin shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sukan sayi tsofaffin Fijo da araha a Faransa, su tuƙo su ta Aljeriya, su bi ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai, su koma gida a jirgin sama da ribar. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da tawaye ya tashi a arewacin Nijar, yaƙin basasa kuma ya ɓarke a Aljeriya.

Akwai wani abu da ya shafi hannun direba kansa. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu 1972 ta hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya kamar a Ingila, sitiyari yana dama, direba yana canja giya da hannun hagu. Daga ranar aka koma hannun dama kamar maƙwabta masu magana da Faransanci, sababbin motoci suka zo da sitiyari a hagu, sandar giya ta koma hannun dama. Direban Katsina da ya shekara goma yana tuƙi sai ga shi yana koyon abin da takwaransa na Maraɗi ya iya tun yana yaron mota.

To, yaya abin yake aiki? Sandar da direba ke riƙewa tana haɗe da wani ƙarfe dogo da ya bi jikin sandar sitiyari ya gangara har cikin ɗakin inji. Motsi iri biyu direba ke yi mata. Idan ya jawo ta wajen ƙirjinsa ko ya tura ta gaba, yana zaɓen layin da giyar take. Idan ya ɗaga ta sama ko ya danna ta ƙasa, dogon ƙarfen ya juya, giyar ta shiga. A can ƙasa akwai 'yan hannuwa da sanduna da ke ɗaukar waɗannan motsi biyu su isar da su ga akwatin giya, kuma a kowace mahaɗa akwai ɗan zobe na roba ko tagulla, wanda makanikai ke kira bushin, ko kuwa gaɓa mai dunƙulallen kai da ke juyawa cikin kwaminta. A motar da sandarta ke ƙasa, hannun direba kusan a kan giyar yake. A nan kuwa saƙo ne ake aikawa ta hannun 'yan aike da yawa, kowannensu yana iya rage wani abu a hanya.

Nan ne ciwon yake. Kowane bushin idan ya ci, abin da ya ragu bai fi kaurin farce ba, amma idan aka tara na mahaɗa biyar ko shida, sai a ga kan sandar yana lilo kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. Ƙurar hunturu takan cuɗu da giris ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa, zafin bazara kuma ya busar da roba ta tsattsage. Da farko direba zai ji giya ta biyu tana gardama. Daga baya ya nemi ta ɗaya ya samu ta uku, motar ta mutu a kan hawa da kaya fal. Ƙarshenta wata rana sandar ta maƙale gaba ɗaya, sai yaron mota ya sauko ya buɗe bonet, ya zura hannu ya ja sandunan su koma firi, fasinjoji suna kallo. Ga mai a-kori-kura wannan ba abin dariya ba ne. Kasuwar ƙauye sau ɗaya take ci a mako, wanda ya kwana a hanya da tumatir ko albasar mutane ya yi asarar lodin ranar, wataƙila har da amanar masu kaya.

Gyaran gaggawa kowa ya san shi: a yanko tsohon tiyub a ɗaure mahaɗar da ke sulluɓewa, ko a yanki guntun tiyo a cusa a madadin bushin, ko a naɗe da waya. Yakan kai mota gida, wani lokaci ma ya yi wata shida. Amma gyara na sosai aikin haƙuri ne. Makaniken da ya san hannunsa yakan fara da duba abin da mutane ba su zata ba, watau robobin da inji da akwatin giya ke zaune a kansu. Dalili kuwa shi ne sitiyari a jikin gangar mota yake kafe, akwatin giya kuma a jikin inji, idan waɗannan robobi sun lotsa sai inji ya zauna, tazarar da ke tsakanin biyun ta canja, duk yadda aka daidaita sanduna ba za su tsaya ba. Yakan kuma duba kuloci, gama sau da yawa laifinsa ne ake ɗora wa giya. Bayan haka ne zai kwance sandunan ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowace alama don kada tsawonta ya rikice, ya wanke su da kananzir, ya duba inda rami ya faɗaɗa da inda ƙarfe ya lanƙwashe ko ya tsage. Ramin da ya faɗaɗa a cike shi da walda a sake hudawa. Bushin da babu shi a kasuwa a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da shi daga guntun tagulla. Sufirin ɗin da ke mayar da sanda mazauninta idan ya saki a sake shi. Daga ƙarshe sai a tsayar da akwatin giya a firi, a tsayar da sandar direba ita ma a firi, sa'an nan a riƙa ƙara ko rage tsawon kowace sanda har ta shiga mazauninta ba tare da an tilasta mata ba. Wanda ya yi gaggawa a wannan mataki na ƙarshe, sabon kayan da ya saya bai amfane shi da kome ba.

Irin wannan sani ba a makaranta aka fi samunsa ba. A gareji ne, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda yaro kan shekara yana wanke notuna kafin maigidansa ya yarda ya taɓa giya. Kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano su suka riƙe waɗannan motoci da rai bayan kamfani ya daina ƙera kayansu, musamman daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancin masu sufuri. Mota guda takan mutu a farke ta, ta raya biyar.

A Turai kuwa irin waɗannan wurare ƙarewa suke yi. Unguwar Stratford a gabashin Landan ta daɗe tana da garejoji da filayen farke tsofaffin motoci a gefen kogin Lea, a titunan Carpenters Road da Marshgate Lane, inda mai tsohuwar Zephyr kan je ya kwance abin da yake nema da hannunsa. Da Landan ta sami izinin shirya wasannin Olamfik na 2012, sai aka tashi masu sana'o'in wurin a 2007, aka rushe, aka gina filayen wasa. Baturen da ke son farfaɗo da tsohuwar mota a yau ta intanet yake neman bushin, daga ƙungiyoyin masu sha'awar motocin da ko daga ƙananan kamfanonin da ke ƙera kwaikwayonsu. Abin da direban Gumel ya yi don neman abinci, shi don nishaɗin ranar Lahadi yake yi, yana kuma biya da tsada.

Abubuwan da suka kashe giyar sitiyari ba su da wuyar ganewa. Giya ta ƙaru ta zama biyar, biyar kuwa tana ƙara wa wannan tsari wahala. Aka daina dogon benci aka koma kujeru biyu a rabe, dokokin ɗaura bel suka sa zaman mutum na tsakiya ya zama abin tuhuma, sandar ƙasa kuma ta fi araha wajen ƙira. A Amurka, inda aka haife ta, motocin ɗaukar kaya na Ford da Chevrolet ne suka riƙe ta har tsakiyar shekarun 1980, sa'an nan suka sake ta. Faransa ta daina ƙera 404 ta fasinja a 1975, mai buɗaɗɗen baya kuma ta ƙara 'yan shekaru kaɗan. A Kenya ne aka harhaɗa ta ƙarshe a 1991, bayan an yi fiye da miliyan 2.8 a duniya baki ɗaya. A hanyoyin ƙasar Hausa kuwa 504 ce ta gaje ta, daga baya Toyota Hilux da sauran motocin Japan suka karɓe lodin kasuwa.