Rawar Furotin LacY wajen Sarrafa Ƙwayar Gadonsa a Bakteriyar Escherichia coli

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar hujjojin da aka tara tun 1956 game da LacY, furotin ɗin da ke shigar da laktos, wato sukarin madara, cikin bakteriyar Escherichia coli. Matsayar maƙalar ita ce LacY na da hannu dumu-dumu a kunna ƙwayar gadon da ke samar da shi, kuma littattafan koyarwa sun ɗora wa sinadarin cAMP nauyin da ba nasa ba ne shi kaɗai.

Gabatarwa

Tun a 1941 Jacques Monod ya lura cewa idan aka haɗa wa bakteriya wasu sukari iri biyu, sai ta cinye ɗaya tas, ta ɗan dakata, sannan ta koma kan na biyun. Haka E. coli ke yi da gulukos da laktos. A 1956 Rickenberg da Cohen da Buttin da Monod, a Cibiyar Pasteur ta Faransa, suka nuna cewa laktos ba ya ratsa tantanin ƙwayar bakteriyar da kansa, sai da wani furotin mai dako, wato LacY. A 1961 François Jacob da Monod suka bayyana cewa ƙwayoyin gado uku, lacZ da lacY da lacA, suna jere wuri guda kuma tare ake kwafar saƙonsu. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff.

Tsarin furotin ɗin

LacY na da amino asid 417, ya ratsa tantanin ƙwaya sau 12. Kowane laktos guda yana shiga ne tare da furoton guda, kuma kwararar furoton zuwa ciki ita ke ba da ƙarfin tara sukarin fiye da yadda yake a waje. Surar da Abramson da Kaback da Iwata da abokan aikinsu suka wallafa a 2003 ta nuna ɓari biyu, kowanne mai murɗe shida, da rami a tsakiya. Ramin yana buɗewa waje, ya karɓi furoton da sukari, ya rufe, sannan ya buɗe ciki. Amino asid Glu126 da Arg144 ke riƙe sukarin, Glu325 kuma ke hulɗa da furoton.

Tattaunawa

Idan babu laktos, furotin LacI mai hana kwafa, wanda Gilbert da Müller-Hill suka ware a 1966, yana kama wurare biyu a jikin DNA ya lanƙwasa shi, kwafa ta tsaya. Abin da ke sa ya saki shi ne alolaktos, wanda enzayim ɗin lacZ ke ƙerawa daga laktos ɗin da ya riga ya shigo. Nan gizo ke saƙa: mabuɗin ɗakin yana cikin ɗakin. Sai da LacY laktos zai shiga, sai laktos ya shiga za a ƙera LacY. Mafitar ita ce LacI kan suɓuce lokaci-lokaci, don haka ba a rasa 'yan ƙwarorin LacY a tantani.

Sakamakon wannan zagaye ya bayyana a aikin Novick da Weiner na 1957. Da suka ba bakteriya ɗan ƙaramin TMG, sinadari mai kunna ƙwayoyin gadon amma bakteriya ba ta iya narkar da shi, ba su ga kowace ƙwaya ta kunnu rabi-rabi ba. Wasu sun kunnu gaba ɗaya, wasu ko alama, kuma 'ya'yan waɗanda suka kunnu sun gaji halin. A 2008 ɗakin binciken Sunney Xie a Harvard ya ƙirga LacY ɗaya-ɗaya a ƙwayoyi masu rai, ya gano cewa sai an tara ɗaruruwa kafin ƙwaya ta kunnu gaba ɗaya, kuma hakan na faruwa ne idan LacI ya saki DNA kwata-kwata.

To, ina gulukos ya shigo? Bayanin da aka saba koyarwa shi ne gulukos na rage cAMP, sai furotin CRP ya kasa taimaka wa kwafa. Gaskiya ne ba a samun kwafa mai ƙarfi sai da cAMP da CRP. Sai dai a 1996 Inada da Kimata da Aiba a Japan sun nuna cewa adadin cAMP kusan ɗaya ne ko a kan gulukos ko a kan laktos, kuma da aka kawar da LacI, danniyar gulukos ta gushe. Hujjar ta karkata ga wata hanya: yayin da gulukos ke shiga, wani furotin mai suna EIIA yana rasa fosfet ɗinsa, a wannan hali ya manne wa LacY ta ciki ya hana shi motsi. Laktos bai shiga ba, alolaktos bai samu ba, LacI na nan daram.

Ya kamata malaman kimiyyar halittu, musamman masu rubuta littattafan shekarar farko ta jami'a, su sa toshe LacY a sahun gaba idan suna bayanin dalilin da E. coli ke fara cin gulukos kafin laktos.