KINGSWAY: GIDAN SHAYIN DA YA BINNE UBAN GIDANSA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihin wani kanti ne da dattawanmu na Wurno da Raba da Goronyo kan ambata in hirar birni ta tashi, wato Kingsway.

Kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929, shi ya buɗe babban kantin Kingsway a unguwar Marina ta Legas a 1948, daga baya rassa suka bazu har Kano da Kaduna da Jos. Wannan UAC ɗin dai yana cikin masu sayen gyaɗa da auduga da fatun awaki a Arewa. Ke nan in an bi salsala, akwai kuɗin jajayen awakin Sakkwato a jikin ginin, ko da kuwa mai akuyar bai taɓa leƙa ƙofarsa ba.

Ginin kansa talla ne. Kantin Bature na da, kanta ce tsakaninka da kaya, sai ka nuna a miƙo maka. Kingsway kuwa manyan tagogin gilashi aka jera a bakin titi, ciki ga sanyin na'ura, ka zaga ka zaɓa da hannunka. Reshen Ankara ta Gana na 1957 da na Dugbe a Ibadan har da matakala mai tafiya da kanta, yara na zuwa don su hau ta kawai. In an gaji da zagaye sai a zauna a ɗakin shan kofi da shayi. A ganina nan ne dabarar take: mai siyayyar da ya zauna ya huta ba ya saurin fita. Ma'aikacin gwamnati sabon kamu kuma a nan yake nuna cewa ya waye, ko da kofi ɗaya ne aljihu ya iya.

A 1973 aka sa wa waɗannan ɗakuna suna Kingsway Rendezvous. Sai ga shekarun 1980: an taƙaita shigo da kaya, naira ta faɗi bayan SAP ta 1986, kantin da ya dogara da kayan Ingila ya rasa abin jerawa, rassa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sashen abinci kuwa gari da nama da kaji yake buƙata, ba lasisin shigo da agogo ba. A wannan shekara ta 1986 aka mayar da shi Mr Bigg's, reshen farko kuma a Marina, unguwar da aka fara tun 1948.