Agogon Lafiya: Me Yake Aunawa, Su Wa Ke Sa Shi?

Agogon lafiya na'ura ce da ake ɗaurawa a hannu, tana lura da taku, bugun zuciya da barci. Tun 2018 agogon Apple ke iya gano rikicewar bugun zuciya, matsalar da ta fi kama tsofaffi, har takan jawo shanyewar ɓarin jiki. Amma fa matasa ne suka fi sa shi. Dattijai tsada, ƙananan rubutu da yawan caji ke korar su.

In za ka saya wa Baba, ka kula da masu arha da ake cewa wai suna auna suga ba huda. A 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su dogara da su. Mai ciwon suga ya ci gaba da gwajin jini.