Darasin Yaƙin Toyota

A watan Janairun 1987, dakarun Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka far wa sansanin Libiya da ke garin Fada, cikin motocin a-kori-kura ƙirar Toyota. Libiya ta dogara da tankokin Tarayyar Sobiyet, amma nauyinsu ya zame mata alaƙaƙai, ga zuƙar mai, ga wuyar gyara. Motocin Chadi kuwa, ɗauke da makaman MILAN na Faransa, suna keta rairayi a guje, gyaransu kuma ba wuya. Kafin Maris ya ƙare, sansanin Wadi Dum ma ya faɗi. Don haka mai neman motar jan kaya zuwa nesa ya fara tambayar kansa: in ta mace a dokar daji, wa zai tashe ta?